Wai na huta

Lahadi da dare, Mafoni

Yau aka yi sunan 'yata Falmata, amma maganar Ya Gana, yayar mijina Modu, ta hana ni sakat. Ta leƙo ɗaki ta ce, "Matan yanzu kun huta, a kwantar da ku a yanka a ciro. Mu ne muka san haihuwa." Mata suka kwashe da dariya. Na yi yaƙe don kar a ce mai jego ta yi fushi.

Wai hutu! Lokacin da nake da ciki, kullum da yamma sai na taka har unguwar Hausari don haihuwar ta zo da sauƙi. Na so in durƙusa in haihu da kaina kamar Mama. Kwana biyu ina naƙuda kafin likita ya ce bugun zuciyar yarinyar yana raguwa, Modu ya sa hannu a yi mini tiyata yana hawaye.

Ɗazu na ɗaga riga na kalli ɗinkin a madubi karo na farko. Ba shi da kyan gani. Ban yafe wa Ya Gana ba, jikina ma ban gama yafe masa ba. Amma ta nan 'yata ta fito da ranta, shi ya sa na goge wurin a hankali.