Zoben Amalanke: Wutar Mato ko Mannen Ɗana?

Malam mai shawara, ka taimake ni, na rasa wanda zan tambaya.

Ni tsoho ne a Karofan, na yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin da ake rubutu da alli a kan allo. Tun rasuwar matata Laraba ƙafafuna suka ƙi ni. Amalanken jaki ke kai ni majami'a ranar Lahadi, nan kaɗai nake ganin mutane. To, zoben ƙarfen da ke tare ƙafar amalanken a bakin sandarta ya yi sako-sako, hanyarmu kuwa gangara ce mai duwatsu. In ƙafar ta fita, ƙashina ba zai sake haɗuwa ba.

Mato maƙeri ya ce zai ƙera sabon zobe mai ɗan matsi, ya gasa shi ya buɗe, ya zura a sandar, ya kwara ruwa ya kama. Amma ɗana Barnabas, da ke Yamai, ya ji labari ya aiko mini da manne irin na Turawa, kala biyu da ake gaurayawa, wai yana riƙe ƙarfe. Ya daɗe bai aiko ko gaisuwa ba. In na ajiye mannen, gani nake kamar shi na ture. Wanne ya fi ƙarfi?

Tsohon Karofan

Baba, sannu da haƙuri.

Mannen ba na banza ba ne. Yana cike giɓi, yana riƙe ƙarfe mai tsabta da ke zaune wuri ɗaya. Sai dai ba ya shiri da maiƙo, zafi da jijjiga, sandar amalanke kuwa duk ukun take sha. Zoben da aka gasa, in ya huce yana shaƙe sandar ta ko'ina, a wannan aiki shi ya fi. Sharaɗinsa awo: in ya cika matsi zai tsage, in ya yi yalwa ba zai kama ba. Mato ya auna da kyau, kuma a gwada amalanken da buhunan hatsi kafin ka hau.

Barnabas kuwa lafiyarka yake nema, ba yabon mannensa ba. Ka sanar da shi gaskiya, ka gode masa, ka kuma faɗa masa a fili cewa kana kewarsa. Mai yiwuwa bai sani ba.

Allah ya kai ka majami'a lafiya, ya dawo da kai lafiya.