Baffa Dogo Ya Ajiye Makullin Bas

Zuwa ga yayana Shago,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Larai da yara. Yaya aiki, yaya haƙuri da zaman Ikko? Allah ya ƙara muku lafiya, ya kiyaye ka a kan hanya. Mu nan gida kowa ƙalau, sai godiya. Inna tana fama da ciwon gwiwarta, amma ba ya hana ta zuwa sujada. Mun yanke gero, bai yi auki ba saboda taki ya gagare mu bana, dawa kuma tana nan tana nuna. Na ba Muntaka mai albasa wannan takarda ya kawo maka hannu da hannu, don maganar da ke ciki ba ta jiran gidan waya.

Maganar Baffa Dogo ce. Kada gabanka ya faɗi, yana nan da ransa. Ka san tun ba a haife ni ba yake jan motar makarantar mishan ta garinmu, bai taɓa taka ko kaza ba, kuma tun rasuwar Baba shi ne ubanmu. To, wannan wahalar mai da ake ciki ta sa sai ya je har Kano ya wuni a layi, wani lokaci ya dawo da tanki kusan wayam. Shi ya sa ya ɗauki wata ɗabi'a da direbobi da yawa suka koma yi yanzu: in ya zo gangarar nan da ta taso daga majami'a zuwa ƙofar makaranta, sai ya kashe inji, ya bar bas ɗin ta gangara da kanta. Duk muna gani, har da mu malamai, ba wanda ya ce masa komai, don kowa ya san halin da ake ciki.

Ranar da abin ya faru an kaɗa ƙararrawar tara, 'yan ajina na firamare sun kwasa a guje zuwa bakin ƙofa wurin Inna Hure, matar Malam Sama'ilu mai ɗori, wadda ke sayar musu da gyaɗa da dafaffen rogo. Ina tsaye a baranda na hango bas ɗin tana saukowa shiru, ba ƙarar inji, yaran kuma sun ba ta baya. Daga baya Baffa ya gaya mini ya taka birki sau ɗaya ya kama, da ya sake takawa sai ya ji shi kamar dutse, don birkin motar ba ya aiki sosai in inji na kashe. Ya danna oda, ita ma ta ƙi. Sai ya leƙo da kai yana yi musu tsawa, da ya ga ba su ji ba, ya murɗa sitiyari da dukan ƙarfinsa ya nufi itacen mangwaron da ke gefen hanya. Motar ta daki itacen, gilashin gaba ya tarwatse, hannunsa na dama ya karye. Ba yaron da mota ta taɓa, sai wata yarinya da ta faɗi wajen gudu ta kuje gwiwa. Inna Hure ce ta fara isa wurinsa, ta bar farantinta a kife, tana salati tana danne masa goshi da gyalenta. Mijinta ya ɗora hannun a ranar, ya kuma ƙi karɓar komai, ya ce jikokinsa biyu suna cikin yaran nan.

Bayan mako guda aka kira taron iyaye. Wasu sun zo da zafi, ban kuma ga laifinsu ba. Wani uba ya ce ba zai sake turo 'yarsa ba muddin Baffa ne ke jan motar. Kafin Fasto ko shugaban makaranta su buɗe baki, Baffa ya miƙe da hannunsa a rataye, ya ce ba sai an kore shi ba. Ya ce ba zai ɗora wa tsadar mai laifi ba, shi ne ya murɗa makulli da hannunsa, kuma ya sani tun bara idonsa ya fara rage gani. Ya roƙi gafarar iyaye, ya ajiye makullin a kan tebur, ya koma ya zauna. Uban nan da ya yi faɗa shi ne ya raka shi har gida.

A taron aka yanke cewa daga yanzu ba mota ko babur da zai wuce ƙofa lokacin tara da lokacin tashi, 'yan acaɓa su sauke fasinja a waje. Asabar ta zagayo aka yi gayya, Musulmi da Kirista, aka tayar da tudun jar ƙasa a wurare daban-daban a kan gangarar don dole mai tuƙi ya rage gudu. Baffa kam ya shige ɗaki, abinci ma sai matarsa Goggo ta yi ta lallashi. Muna cikin damuwa, sai wata safiya muka gan shi ya ɗauki kujerarsa ya kafa a bakin ƙofar makaranta. Tun daga ranar shi ke tsayar da masu babur, ba wanda ya sa shi. Har Fasto ya tsayar, ya ce masa doka ba ta san riga ba, dole Fasto ya sauka ya tura babur ɗinsa har majami'a, yara suna ta dariya.

Yanzu ga dalilin takardata. An gyara bas ɗin, amma tana ajiye babu direba. Ɗaliban ƙauyukan nesa da ƙafa suke zuwa, wasu sun fara fashi, in yaro ya yi zazzaɓi kuma sai a goya shi a babur zuwa asibitin Shanono. Shugaban makaranta ya tambayi Baffa wa zai iya amince wa da yaran nan, ya ce cikin duk waɗanda ya koya wa tuƙi kai kaɗai ne bai taɓa gani kana gaggawa ba. Sun ce za su jira amsarka har Kirsimeti. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, albashin ƙarami ne, wani watan ma da hatsi ake cikawa. Amma na san can ma ba daɗi kuke ji ba, ga gonar Baba nan ta fi ƙarfina ni da Inna, ga makaranta a ƙofar gida don yaranka. Ku zauna da Larai ku yi shawara, ku sa abin cikin addu'a, duk abin da kuka yanke ka gaya wa Muntaka.

Inna tana gaishe ku da kyau, haka Goggo da Sabo da iyalinsa, da Malam Sama'ilu da Inna Hure. Ka gaishe mini da Larai, ka shafa mini kan yara. Na je wurin Baffa na tambaye shi ko yana da saƙo. Ya ce in gaishe ka kawai, kada in matsa maka, kai ma mai iyali ne. Amma Goggo ta raɗa mini cewa jiya ta same shi a tsohon ɗakinka, ya fitar da buhunan da ke ciki, yana shara da hannun hagu.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Buwai