Zanen Jirginka Ya Iso Daudawa

Zuwa ga ƙanena Mas'ud,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya ƙara maka basira. Mu nan lafiya lau, an yanke dawa, ƙanwarmu Hussaina kuma ta sauka, an sami mace.

Zanen da ka turo na jirgin nan mai saukar ungulu ya iso, maigidana Yahya ya bugo mana shi a takarda. Na karanta wa Baba bayaninka, cewa farfela biyu gare shi, gaba da baya, zai ɗauki sojoji har da motarsu ya yi doguwar tafiya bai sauka shan mai ba. Ban ɓoye masa ba cewa malamanka sun mayar maka da aikin sau biyu, wai man da zai ɗauka ya cinye nauyin kaya, har kana tunanin ajiye karatun ka dawo.

Ka san Baba bai taɓa son ka da harkar kayan yaƙi ba tun da aka harbi Yaya Lawwali a aikin soja. Na zaci zai ce ka dawo ɗin. Sai ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce lokacin da yake fatauci da jakuna daga Mabai zuwa Sabuwa, wannan matsalar ce ta fi ba shi wuya, harawar dabba da kayan mutane kowanne na neman wuri. Shekara uku ya yi kafin ya iya laftu, saboda haka sau biyu ba komai ba ne. Ya ce ka zauna ka gama, ya sa maka albarka.

Yaya Lawwali ya dogara sandarsa ya matso. Abu ɗaya ya tambaya, wai gadon masu rauni nawa zai shiga ciki. Ya ce da akwai irinsa a ranar, da bai kwana biyu a bayan mota kafin a kai shi asibiti ba, ƙila da ƙafarsa tana nan. Inna ta tashi ta shige ɗaki. Don Allah ka aiko masa da amsa, kullum sai ya tambaye ni.

Inna da Hussaina da Gwaggo Amatullah suna gaishe ka. Ka gaida mai masaukinka Malam Abdulgafar da iyalinsa.

Yayarka,
Suwaibatu