Lojisiyel ɗina ya sa an kori wanda ya samo mini aiki

Assalamu alaikum ƴan gurup. Admin don Allah a ɓoye sunana. Ku ba ni shawara don Allah, ko zagina za ku yi ku yi, amma ku karanta har ƙarshe.

Ina aiki a wani ɗan kamfani nan Maraɗi da ke saida wa shaguna da biro-biro, wato ofisoshi, intanet. Muna da anten, wato eriyar rarraba intanet, a cikin gari, ɗaya a Tsibiri, ɗaya a Jiratawa. Wanda ya kai ni wajen patron, mai kamfanin, wani dattijo ne, bari in kira shi Baba Idi, maƙwabcin mahaifina a unguwar Zariya. Shi ke hawa anten in ya lalace, tun kamin in gama lekol yake wannan aikin.

Bayan aikin biro, ranakun Lahadi ina sa hannu a wani lojisiyel, wato manhaja, na kyauta da ke sa ido kan rezo, wato layin sadarwa, wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke rubutawa tare, kowa na iya karanta shi ya gyara. Ba a biyan kowa. Ni na rubuta sashen da ke aika saƙo a waya in anten ya faɗi, sunka karɓa, sunka sa sunana. Na yi ta alfahari, na girka shi a biro, patron ya riƙa nuna ni ga baƙi.

Sai anten ɗin Tsibiri ya mutu tun ƙarfe tara na safe, Baba Idi bai je ba sai bayan la'asar. Ya ce a lokacin ne saƙon ya shigo mishi. Ordinatar, wato kwamfutar biro, kuwa ta nuna an aika ƙarfe tara. Anka yi mishi faɗa ya wuce. Da abin ya sake faruwa a Jiratawa sai na zauna na bincika, na gano laifina ne. Abin da na rubuta yana ajiye lokacin da saƙo ya shiga layi, ba lokacin da ya hita ba. In rezon waya ya yi rauni saƙon sai ya kwanta awa shida, amma a rubuce an aika. Ban gaya wa kowa ba. Na ce a raina zan gyara ranar Lahadi, Lahadin ta zo munka tahi biki.

Karo na uku wani babban mai shago a Tsibiri ya yanke hulɗa da mu. Patron ya tara mu duka har da mai gadi, ya juya fuskar ordinatar ga Baba Idi, ya kira shi tsohon maƙaryaci, ya ce kwana yake a ƙarƙashin bishiya ana biyan shi. Baba Idi ya rantse da Allah, ya ciro ƴar wayarshi yana neman saƙon, patron ya ƙi ko kallo. Sai Baba Idi ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, kai ka san abin nan, gaya mishi."

Na ce, "Baba, mashin ba ya ƙarya."

Patron ya yi dariya ya ce in maimaita da ƙarfi kowa ya ji. Na maimaita. Nan take anka karɓe makullin moto ɗin aiki daga hannun Baba Idi, ya taka da ƙahwa ya hita. Ni anka maida shef, shugaban sashen.

Na gyara kuskuren a ɓoye, na aika wa masu lojisiyel ɗin a matsayin ƙaramin gyara. Wata mata cikin manyansu ta gane girman abin, ta tambaye ni ko ya cuci wani a wajenmu. Na ce a'a. Ta gode mini, yanzu ma suna so in zama cikin masu duba aikin wasu.

Baba Idi yanzu kabu-kabu yake yi da moton aro, ga ciwon guiwa. Juma'ar da ta wuce ya zo gidana da kanshi. Na ɗauka rigima ce ta kawo shi. Ashe haƙuri ya zo ba ni, wai ya kunyata ni gaban patron bayan shi ya kai ni. Ya ce ya yi ta tunani, ƙila saƙon ya shigo shi ne bai gani ba, tsuhwa ce ta hwara taɓa mishi kai. Har ya ce wa babban ɗanshi ya daina bar mishi maganin uwarsu a hannu, kar ya manta ya ba ta.

Patron ya taɓa cewa duk ranar da wannan abin kyautar naka ya ja mini asara, kai da shi za ku hita tare. Na san shi, ba zai maida Baba Idi ba, ni kuma zai kore ni, matata na da ciki wata bakwai.

In je in gaya wa patron? Ko Baba Idi kaɗai zan gaya wa, ko don ya san hankalinshi lahiya lau yake? In na gaya mishi mahaifina zai ji. Me zan yi?