Wa zai ba da Rahila?

Satwa, Dubai. Daren Laraba, Maris 2012.

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu 'yata Rahila ta durƙusa gabana. Yaron da take so Bayahude ne, ɗan Isra'ila, mu kuma Kirista ne. A ƙasarsu ba a ɗaura wa Bayahude aure da Kirista, sai dai su tafi tsibirin Saifurus a ɗaura a can.

Na ce, "To iyayensa su zo nema, kamar yadda nawa suka je gidan su uwarki."

"Baba, fasfonsu ba ya shiga Dubai."

Ni kuma likita ya hana ni hawa jirgi.

Na ce, "To wa zai ba da ke?"

"Wani ma'aikacin ofishin rajistar aure, Baba."

Da safe za ta dawo jin amsata. Ita kaɗai ta rage mini, kuma na san ko na hana, tafiya za ta yi.