Digiri Goma Sha Takwas

Darwin, 11 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma tarin nan ya sake ka. Mijina Warrick yana gaishe ka. Mu nan ƙalau muke, sai zafin da ba ya ƙarewa.

Baba, ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Bara a watan Yuli, tsakiyar hunturunku na Tasmania, nimoniya, ciwon huhun nan, ta kwantar da kai kwana goma sha tara a asibiti, kuma ba don maƙwabciyarka Maisie ta lura hayaƙi bai tashi daga bututun murhunka ba, da yanzu wani zancen ake yi. Ni nas ce, na san abin da sanyi ke yi wa ƙirjin mai shekara saba'in da huɗu. Gidan nan na katako iska na ratsa shi kamar kwando. Na gyara maka ɗaki a nan, tagarsa na kallon bishiyar mangwaro. Ka ce ba za ka bar gidan da kuka gina kai da Mama ba, na ji, ban kuma ga laifinka ba. Amma ni ma ba zan sake zama gaban waya ina jiran likita ya gaya mini ko ina da sauran uba ba.

To ga sharaɗina. Kanti zai kawo maka audugar da ake shimfiɗawa a saman silin don ta riƙe ɗumi. Ka shimfiɗa ta, ka toshe tagogi da ƙofofi. A cikin kwalin nan akwai ma'aunin zafi da kyamara. Kafin ɗaya ga Yuni ina son hoton ma'aunin a falo yana nuna digiri goma sha takwas, talabijin kuma a kunne a cikin hoton, daidai lokacin da suke nuna taswirar yanayi da kwanan wata. Na san halinka, in ban ce haka ba rana tsaka za ka kai shi bakin taga. In ya kai sha takwas, ka zauna a gidanka. In bai kai ba, ka haɗa kayanka.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Glenys


Geeveston, 26 ga Afrilu

Zuwa ga Babbar Nas, mai ba uban da ya haife ta umarni,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Warrick. Saƙo ya iso: kyamara, ma'auni, da doka. Ko a soja ba a taɓa jera mini umarni haka ba. Tarin ya tafi, sai ɗan kaɗan da safe, shi ma don kar in yi kewarsa ne.

Aiki kam na kama. Tagogi na bi su ɗaya bayan ɗaya da kyandir a kunne, duk inda harshen wutar ya karkata na san nan ɓarawon ke shigowa, sai in liƙe. Tsagogin katakon ƙasa na cusa musu tsofaffin jaridu da wuƙar cin abinci, kwana uku ina rarrafe. Maisie ta ɗinka mini dogayen jakunkuna guda uku kamar macizai, na toshe iska a ƙasan ƙofa, ta cika su da yashi. Da wandona na zuwa coci ta yi su, wanda na ba ta ta gyara mini aljihu. Da na yi magana sai ta ce ai tun jana'izar mahaifiyarki Thelma ba ta ga wandon nan ya je coci ba, gara ya yi wani amfanin.

Hoton ne ya fi ƙarfina. Na farko na ɗauka da filasha, abin da ya fito farar rana ce a tsakiyar allon talabijin. Pybus mai kemis, wanda ke wanke mini hotunan, ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Ya ce in kashe filasha. Na kashe, sai wani baƙin layi ya ratsa allon, ya cinye kan mai karanta yanayi da rabin taswirar Tasmania. Wai talabijin ba ta fitar da hotonta gaba ɗaya, layi-layi take zana shi, idonmu kawai take ruɗa. Ya ce in rage wa kyamarar sauri, in ɗora ta a kan abin da ba ya motsi, in riƙe numfashi. Na jera akwatunan tuffa uku a tsakiyar falo. Mutumin da ya kwashe shekara hamsin yana noman tuffa, yau ga shi ya zama mai hoton akwati.

Mangwaronki ki sha abinki. Bishiyoyin tuffan mahaifiyarki na bayan gida sun zubar da ganye, wata mai zuwa za su buƙaci aski, kuma babu wanda ya san hannunsu sai ni.

Audugar silin ta iso, dami goma sha biyu. Ana nan ana shiri.

Mahaifinki, Athol


Darwin, 6 ga Mayu

Baba,

Ina gaisuwa. Na yi dariyar wandon har Warrick ya leƙo ya ga ko lafiya. Ka gaishe mini da Maisie, ka ce na ce ta kyauta.

Amma ka ba ni labarin taga da ƙofa shafi biyu, silin kuma layi ɗaya. Ta sama ɗumi ke gudu, kai ka koya mini haka. Ina aka kwana?

Taka, Glenys


Geeveston, 23 ga Mayu

'Yata Glenys,

Gaisuwa mai tarin yawa. Buɗe ambulan ki ga aikin ubanki. Babu farar rana, babu baƙin layi. Ga taswira, ga kwanan wata, sha tara ga Mayu, daren da raɓa ta daskare har famfon waje ya ƙi kawo ruwa. Ga ma'auninki a kan talabijin, na kunna fitilar gefe don ki karanta shi da kyau. Ashirin da ɗaya. Kin nemi sha takwas, na ba ki gyara uku.

Pybus ya ce bai taɓa ganin hoton allo mai kyan wannan ba, har ya roƙe ni in bar masa ɗaya ya manna a kantinsa. Na ce sai Babbar Nas ta sa hannu.

Ɗakin da kika gyara ki ba Warrick ya zuba ƙugiyoyin kamun kifinsa. Silin kuma kar ki damu da shi.

Ki huta lafiya.
Babanki


Darwin, 1 ga Yuni

Babana,

Ina gaishe ka, kuma ina fatan wasiƙar nan ta same ka kusa da murhu.

Hoton ya yi kyau. Na manna shi a jikin firij ina murna, kwana biyu ina nuna wa duk wanda ya shigo. A rana ta uku ina shan shayi ina kallonsa sai na tuna da Bosun, kyanwarmu. Ka tuna inda take kwana duk hunturu? A kan talabijin ɗin nan, daidai inda ka ajiye ma'aunin, saboda in akwatin ya yi awa ɗaya a kunne bayansa har ƙona hannu yake yi. Mama ta gaji da kore ta daga wajen.

Na yi fushi, Baba. Na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu don in ga ko akwai wata dabarar. Fitilar da ka kunna don ma'aunin ta haska ka kai ma. A ƙasan allon, wajen tekun da ya yi duhu, ga ka nan a jikin gilashin, ka sunkuya a bayan akwatunan tuffa. Kana sanye da babbar kwat ɗinka ta soja, da hular sanyi, da safar hannu. A wuyanka jan gyalen ulun Mama ne. A bayanka ƙofar falo a buɗe take, kuma ga damunan auduga jere a baranda, ko ledarsu ba a yage ba.

Fushin ya tafi, kuka ya zo. Na zauna a ƙasan kicin na yi mai isata.

Kai ka yi rufin gidan nan da hannunka. Aikin kwana biyu ba zai gagare ka wata guda ba sai da dalili. Ba maganar sharaɗi nake yi yanzu ba. Ka gaya mini gaskiya, me ya faru?

'Yarka mai sonka, Glenys


Geeveston, 10 ga Yuni

Glenys,

Gaisuwa. Kyanwar nan tana raye ta hana ni zama lafiya, ta mutu ma ba ta bar ni ba.

Na yi miki ƙarya, ki yafe mini. A bangon falo ma'aunin sha ɗaya yake nunawa.

Ranar da audugar ta iso na ɗauko tsani na jingina a ƙofar silin da ke baranda. Na taka na farko, na taka na biyu. A na uku gidan ya juya da ni. Na rungume tsanin kamar yaro, ban iya hawa ba, ban iya sauka ba, ban san minti nawa na yi a haka ba. Washegari na sake gwadawa, haka. Sau shida na gwada, ban taɓa wuce matakin nan ba.

Maisie ta ce bari ta kira surukinta ya hau mini, na ce mata na kusa gamawa. Ban gaya wa kowa ba, domin na san abin da zai biyo baya. Mutumin da ba ya iya hawa tsani ba ya iya aske bishiya, ba ya iya gyara kwano in iska ta ɗaga shi, kuma 'yarsa nas ce. Na ji tsoro, Glenys. Ban ji tsoron sanyi ba, tsoron ɗakin mangwaron nan na ji. A nan in na buɗe ƙofar baya ina hango maƙabartar cocin da mahaifiyarki ke kwance, nakan gaya mata yadda gari ya waye in dawo in ɗora shayi. A Darwin ban san wa zan gaya wa ba.

Kin tuna kina shekara bakwai kika nace sai kin hau tsanin tsinkar tuffa? Mahaifiyarki tana ta faɗa daga taga. Na ce miki, "Hau, ina riƙe da shi, kar ki kalli ƙasa." Kika haye har ƙarshe kina waƙa. A kan mataki na uku abin da ya yi ta zuwa mini ke nan, ban san dalili ba.

Sharaɗi sharaɗi ne, kuma na faɗi. Na sauko da akwatin tafiya daga kan kabad, da sanda na jawo shi. Ki faɗi rana. Abu ɗaya nake roƙo, ki bar ni in aske rassan da hannuna ke kaiwa daga ƙasa kafin in taho.

Mahaifinki, Athol


Darwin, 16 ga Yuni

Baba,

Ina gaisuwa. Mayar da akwatin nan inda ka ɗauko shi. A'a, bar shi a ƙasa, ni zan mayar.

Na karɓi hutun mako biyu. Jirgina zai sauka Hobart ran Asabar, ashirin da biyar ga wata, zan biyo bas. Ka nemo mini tsohuwar rigar aikinka da safar hannu, an ce audugar nan tana sa ƙaiƙayi. Kar ka taɓa tsanin kafin in zo. Ni zan hau, kai ka riƙe.

Taka, Glenys


Geeveston, 19 ga Yuli

'Yata,

Gaisuwa gare ki da Warrick, da fatan kin sauka lafiya kuma ƙaiƙayin ya bar hannuwanki. Gidan ya yi shiru tun da kika tafi. Har yanzu in na bi ta baranda sai in ɗaga kai, kamar zan ga ƙafafunki suna reto daga silin kina ce mini in miƙo na gaba. Maisie ta ce bishiyoyin sun yi kama da wanda aka yi wa aski a duhu, na ce mata rassan sama aikin nas ne, ta kai ƙara can.

Ga hoton. Ma'aunin na bango, nesa da talabijin, nesa da murhu, a ƙusar da kika kafa da kanki. Na bar fitila a kunne don ki gan ni a gilashin: riga ɗaya ce a jikina da suwaita. Gyalen kam yana wuyana, amma ba don sanyi ba.

Dare uku ina gwadawa, itace na ci a murhu yadda ya kamata. Sha bakwai ne, Glenys. Bai kai ba, saura ɗaya. Ban hura masa numfashi ba, ko da yake na yi tunanin haka.

Hukunci naki ne.

Babanki


Darwin, 27 ga Yuli

Babana,

Ina gaisuwa. Na duba hoton da gilashi, sau biyu.

Ma'aunin nan ni na saye shi, na san halinsa, yana rage ɗaya. Zauna a gidanka.

Gobe da safe in ka buɗe ƙofar baya, ka gaya wa Mama ina gaishe ta.

'Yarka, Glenys