Ƙorafi Kan Tankar Mai Da Ƙarfenta Ya Gaji

Mudathir Ilu,
Unguwar Gabas, Ɗanzomo,
Ƙaramar Hukumar Sule Tankarkar.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga:
Babban Jami'in Duba Lafiyar Motoci,
Shiyyar Gumel.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: TANKAR KAMFANIN BARAU HAMMA DA TA ƘONE ƘANENA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuta wannan takarda a madadin ƙanena Dalhatu Ilu, direban tanka, wanda ba ya iya riƙe alƙalami a yanzu.

1. Tun watan Yuni Dalhatu ya sanar da manajan kamfanin cewa shingayen ƙarfen da ke cikin tankin sun ɓalle. Shi ya sa man ke tambal-tambal kamar igiyar ruwa, yana dukan bangon tankin a kowane rami da kowane taka birki. Ƙarfe kuwa yana gajiya, kamar wayar da ake ta lanƙwasawa har ta karye. Dalhatu ya nuna wa manajan tsagar da ta fito kusa da tsohuwar walda. Manaja ya ce ya toshe tsagar da sabulu ya kama hanya, in ba zai iya ba masu neman aikin suna da yawa.

2. Ranar 3 ga Satumba da hantsi, daf da Gagarawa Tasha, tsagar ta buɗe, fetur ya riƙa kwarara bisa kwalta. Dalhatu bai gudu ba. Ya ja motar ya fitar da ita daga cikin gidaje, ya sauko yana korar masu ɗauko bokiti. Yana cikin haka man da ya zuba ya kama da wuta. Hannuwansa biyu da ƙirjinsa sun ƙone. 'Yarsa Jannatu ta je asibiti, ta ga fuskarsa, ta ɓuya a bayan uwarta.

3. Kamfanin bai leƙo shi ba ko sau ɗaya. Sai saƙo aka aiko cewa gudun wuce kima ya yi, an sallame shi. Ranka ya daɗe, wane gudu ne ke tsaga ƙarfe daidai inda aka nuna tun watan Yuni?

4. Abin da ya fi ƙona mini rai: makon jiya na ga tankin nan da idona a hanyar Maigatari. An sake liƙe shi da walda, an shafa masa sabon fenti, an ba wani bawan Allah yana tuƙawa.

Don haka ina roƙon a tsayar da wannan mota nan take, a shiga cikin tankin a duba, ba a tsaya kan fenti ba, a kuma wanke sunan ƙanena. Kowace Alhamis motar nan tana ratsa kasuwar Maigatari, cikin jama'a da masu suyar ƙosai. In ta sake fashewa a can, kada kowa ya ce ba a faɗa masa ba.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Mudathir Ilu